Me masu ciwon zuciya suka sani game da ciwonsu? Inda aikinmu ya kwana a Katsina

13 Janairu 2025

Yau muka fara da sunan Allah. Ni da abokiyar aikina, ita ma nas ce, da ɗan'uwanmu mai kula da fayil, mun samu izinin likitan da ke duba masu ciwon zuciya cewa duk ranar kilinik, kafin a kira mutum ya shiga, mu ja shi gefe mu yi mashi 'yan tambayoyi. Ba jarrabawa ba ce, so muke mu gane abin da mutanen nan suka riƙe a kansu game da ciwon da ke kawo su, wasu shekara da shekaru suna zuwa har katin ya tsufa ya yage an liƙe shi da salatif. Me likita ya ce yana damunka, wane magani kake sha kuma kowane na mene ne, me ke kawo shanyewar ɓarin jiki, da me ake gane ta fara, in ta faɗa wa wani a gidanku cikin dare me za ka soma yi. Shi ke nan. Sai mutum ya yarda tukuna, wanda ya ce a'a mu ƙyale shi, kuma ba mu rubuta sunan kowa.

Abin da ya tunzura mu shi ne yadda muke ganin mutanen da muka sani a layin kilinik, muna gaisawa, muna auna su, sai wata rana a shigo da su ɗakin kwanciya ranga-ranga ɓari ɗaya ya mutu, in ka tambaya a ce ai tun shekaranjiya abin ya same shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9, kuma kashi 85 cikin ɗari na waɗannan bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Mu nan ba lissafi muke gani ba, maƙwabta muke gani.

27 Janairu 2025

Abu na farko da ya fito fili: babu wanda bai san sunan hawan jini ba. Daga ɗan kasuwa na Ƙofar Ƙaura har tsohuwar da aka kawo daga Kaita, kowa zai ce maki jinina ne ke hawa. Amma da kin matsa gaba kaɗan kin ce to in ya hau me yake yi wa jiki, sai a yi shiru, ko a ce yana sa ciwon kai da jiri. Kaɗan ne ƙwarai suka haɗa shi da shanyewar ɓarin jiki, ko ƙoda, ko ido. Lambar awon jinin nasu ma da yawa ba su taɓa jin ta ba, ana auna su a rubuta a fayil a rufe. Mun fara faɗa wa kowa lambarsa da baki, mu ce daga 140 bisa 90 zuwa sama shi ne ake ce ya hau, ga naka yau, kuma wallahi mutane na son ji, wasu har su ce a rubuta masu a bayan kati.

Kan dalili kuwa kusan baki ɗaya ne, tunani da ɓacin rai. Wata Hajiya ta ce mani, ɗiyata, ai ranar da aka yi mani kishiya ciwon nan ya shige ni. Wani dattijo ya ce tun da aka kora mashi shanu. Ban taɓa ƙaryata su ba, don ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya. Babban binciken nan na SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ke cikin jagororinsa kuma har da asibitocin Kano da Zariya a ciki, da sakamakon ya fito a 2018 ya lissafa damuwa cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Amma hawan jini ne a sama can nesa da sauran, sai yawan kitse a jini, cin nama kullum, tumbi, ciwon suga, ƙarancin cin ganye, barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an dafa, taba, rashin motsa jiki. Matsalar ɗaukar ɓacin rai a matsayin dalili guda ita ce da hankali ya kwanta sai mutum ya ga ai ya warke ya ajiye ƙwayoyin. Wannan mun ji shi ba adadi: na daina sha don kaina ya daina ciwo. Alhali hawan jini galibi bai da wata alama, yana nan yana cin jijiyoyi mutum na harkokinsa.

Ga kuma zancen wanka da ake ta turawa a WhatsApp yanzu da hunturu ya kankama, wai wanda ya fara zuba ruwa a ka shi ke faɗuwa a banɗaki. Babu hujja kan wannan. Abin da aka sani shi ne jini ya fi hawa da sassafe, sanyi ma na ɗaga shi, to mai hawan jinin da bai shan magani in zai faɗi sau da yawa lokacin ne, ko daga ƙafa ya fara ko daga ka.

10 Fabrairu 2025

Wannan makon tambayar shanyewar ɓarin jiki muka fi tsayawa a kai kuma ita ta fi taɓa mani zuciya.

Alamar da kowa ya sani ita ce hannu da ƙafa su mutu. Karkacewar baki wasu sun sani. Amma harshe ya yi nauyi magana ta riƙa sarƙewa, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri mai kayar da mutum, ko ciwon kai mai tsanani da bai taɓa jin irinsa ba, waɗannan ba a lissafa su. Akwai wani Baba daga wajen Rimi, yana da bugun zuciya marar tsari, wanda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kamar sau biyar don jini na daskarewa a zuciya ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Ina cikin bayani sai ya ce Sista, kwanaki hannuna ya saki kofi na kasa magana, amma kafin a kira la'asar ya sake ni. Na ce Baba kun faɗa wa likita? Ya ce ai ya wuce. Na kama hannunsa muka shiga tare. Irin wannan da ke zuwa ya tafi gargaɗi ne, babbar na iya biyo baya cikin 'yan kwanaki.

Da muka zo kan me za ka fara yi, a nan na gane cewa mun daɗe muna magana da rabin gida ne. Wanda abin ya kama ba shi zai yanke shawara ba, yana kwance bai iya magana, matarsa ce ko babban ɗansa ko ƙanensa za su ce a yi kaza. Su kuma ba su shiga wajen likita, suna waje bakin bishiya suna jira. Da muka fara kiran 'yan rakiya muna tambayarsu, amsoshin: a yayyafa ruwa, a ba shi rubutu ya sha, a kira malam ya yi ruƙiyya don iska ce ta buge shi ko jifa aka yi mashi, a kira wanzami ya yi ƙaho, a jiƙa tafarnuwa. Wani matashi mai karatu ya ce a soka allura a yatsu a fitar da jini, a waya ya gani. Wani ya ce a ba shi Vasoprin, wato ƙwayar asfirin.

Ni ban ce wa kowa ya bar addu'a ba, ni ma ita nake yi. Abin da nake cewa shi ne a yi ta a cikin mota ana tafiya. Kuma kada a ɗura mashi komai ta baki, ko ruwa ko rubutu ko koko, don haɗiya na lalacewa abin ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, mun sha ganin wanda shanyewar ba ta kashe ba ciwon huhu ya kashe. Asfirin ma kada a ba shi, don abin iri biyu ne, ko jijiya ta toshe ko ta fashe, kuma da ido ba a bambance su sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. A binciken da na ambata kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, wanda jini ke zuba a kansa kuwa asfirin ƙara mashi zai yi. A kwantar da shi ta gefe, a duba agogo a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, a tafi. Allurar da ke narkar da gudan jini sai cikin awa huɗu da rabi take da amfani, kuma ba ko'ina ake samunta ba, amma ko babu ita zuwa da wuri na ceto, a kula da jini da suga da numfashi da haɗiya.

Wata mata daga ɓangaren Batsari ta saurare ni har na gama sannan ta ce Malama, in da dare ne fa? Wa zai hau hanyar nan da dare? Na yi shiru. Gaskiya ta faɗa, ba jahilci ke hana wasu zuwa ba, hanya ce da kuɗin mota. Abin da muka tsayar da ita shi ne tunda haka ne maigidanta kada ya yi fashin magani ko na kwana ɗaya, kuma su san tun yanzu motar wa za a nema da gari ya waye.

24 Fabrairu 2025

Mun samu hanyar bayani da ke shiga, musamman ga masu noman rani na wajen Ajiwa da Jibiya. Zuciya injin ban ruwa, jijiyoyi tiyo. In ƙarfin ruwa ya yi yawa kullum tiyo zai fashe, in laka ta toshe shi fangalin da ke gaba ya bushe, injin da ke turawa da ƙarfi shekara da shekaru kuma ya gaji. Sai ka ga mutum ya gyaɗa kai ya ƙarasa da kansa.

Mun kuma daina tambayar kun gane? don kowa ce maki zai yi ya gane, kunya da girmamawa ba su barin dattijo ya ce a maimaita. Yanzu cewa muke, Baba in kun koma gida Inna ta tambaye ku me aka ce, ya za ku gaya mata? Daga amsar muke sanin abin da ya zauna. Mun roƙi kowa ya riƙa zuwa da ledar magungunansa duka har na kemis da na gargajiya.

12 Maris 2025

Azumi ya yi kwana goma sha biyu, layi ya ragu. Waɗanda suka zo da yawa sun gyara wa kansu magani ba tare da sun tambaya ba. Masu shan Lasix, ƙwayar fitsarin nan, su suka fi ajiye ta don tana sa ƙishi kuma tana hana su tsayuwar tarawihi, ga shi sun dawo ƙafa ta kumbura suna haki ba su iya kwanciya sai an tara filo. Wasu sun haɗe na safe da na dare sun watsa lokaci ɗaya da buɗa-baki jiri ya ɗebe su. Yawancin magungunan hawan jini sau ɗaya ake sha a rana, likita na iya mayar da su sahur ko bayan shan ruwa, abu ne mai sauƙi in an tambaya kafin wata ya kama. Wanda zuciyarsa ta yi rauni sosai kuma likita ya ce kada ya yi, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, amma sai ka ga dattijo na hawaye don yana jin kamar ya gaza. Irin wannan ba daga bakin nas yake son ji ba, daga bakin malaminsa ne. Mun rubuta cewa baɗi in Allah ya kai mu tun Sha'aban za mu fara wannan magana, kuma mu nemi limaman unguwanni su taya mu.

7 Afrilu 2025

Barkanmu da Sallah. Layi ya dawo har ya fi da.

Akwai rukunin da tambayoyinmu na farko ba su dace da su ba sam, 'yan mata masu jego. Yarinya 'yar shekara ashirin ko ƙasa da haka, ta haihu wata biyu ko uku, ga kumburi ga tari ga haki, hoton zuciya ya nuna ta buɗe ta yi laushi ba ta tura jini. Wannan ciwo arewacin Najeriya na cikin inda ya fi yawa a duniya, binciken Zariya na shekarun 1970 da na Sakkwato daga baya sun samu kusan mace ɗaya cikin haihuwa ɗari a asibitocin da aka duba. A da an ɗora laifin kan wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta bai samu cewa al'adun nan ne tushen ciwon ba, ya fi nuna rashin abinci mai gina jiki, talauci da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Wannan ya canza yadda nake magana da iyayensu mata. Ba na zuwa da faɗa in ce ku kuka ja mata, cewa nake Inna, ba ku kuka sa mata ba, amma yanzu da zuciyar ta yi rauni kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, a dakatar da kunun. Da haka suke karɓa.

Su yaran kansu kusan ba su san komai ba game da abin da ke damunsu, wasu an ce masu sanyi ne ya shige su don ba su yi wanka da kyau ba. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne wanda ba a faɗa masu ba ko an faɗa ba a gaban miji ba: sake ɗaukar ciki kafin zuciya ta farfaɗo na iya kashe ta, kuma wasu magungunan da take sha irin su lisinofiril ba su haɗuwa da ciki. Yarinya ba za ta iya kai wannan magana gida ita kaɗai ba. Likita ya yarda a riƙa kiran mazan su shigo, ɗan'uwanmu mai fayil shi ke fita ya lallaso su, namiji da namiji ya fi sauƙi.

Sai samari da 'yan mata masu lalacewar ƙofofin zuciya, wanda asalinsa ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a yi maganinsa da kyau ba. Ba uwa ko ɗaya da muka tambaya da ta san akwai alaƙa, da yawa wanzami aka kai yaron aka cire beli. Suna zuwa allurar fenisilin duk sati uku ko huɗu, tana da zafi, kuma wanda bai san dalilinta ba da ya ji sauƙi zai gudu.

28 Afrilu 2025

Zafi ya wuce 40, mutane na isowa a galabaice.

Ledojin magani sun tona abubuwa. Kusan duk mai aikin ƙarfi akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki, ko haɗin nan na maganin gajiya da ake ƙullawa a kemis, suna sha kullum ba su ɗauke shi magani ba ma, alhali yana ɗaga jini yana tara ruwa yana taɓa ƙoda. Wani ya bar amlodifin don ƙafarsa ta kumbura ya zaci ciwon ne ya ƙaru, wata ta bar lisinofiril saboda busasshen tari ta yi ta shan maganin tari wata da watanni, duka biyun abubuwa ne da aka san magungunan na yi kuma da sun faɗa canzawa kawai za a yi. Zoɓo da tafarnuwa da zogale kam kowa na sha. Zoɓo marar sukari an ga yana ɗan sauke jini, ban hana ba, amma ba zai tsaya a madadin ƙwaya ba.

Gishiri kuma kowa ya ce ya rage. To magi fa? Dunƙule nawa ake jefawa a miya? A nan ake dariya. Ba su lissafa shi gishiri, haka kanwa, haka yajin tsire da kilishi da garin taliyar yara. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne ƙasa da giram 5 a yini gaba ɗaya, wajen cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin waɗannan. Kuma maigida ba shi ke riƙe da ludayi ba, tukunya ɗaya ce ta mutum goma sha, ba wadda za ta yi girki biyu da tsadar gawayin nan. Shawarar da ta fi karɓuwa wata mata ce ta kawo ta ba mu ba, a ɗebi miyar mai ciwo kafin a sa magi, a ƙara mata daddawa da citta da albasa.

19 Mayu 2025

Shekaranjiya Asabar ce ranar hawan jini ta duniya, 17 ga Mayu, mun yi amfani da ita yau muka fara raba saƙon murya. Takarda mun gwada, da yawa ba su karanta boko, ana ninke ta a sa aljihu. Sai muka ɗauki gajerun saƙonni a waya da Hausar gida, ɗaya kan alamomin shanyewar ɓarin jiki, fuska da hannu da magana da gaggawa, ɗaya kan ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora mashi nauyi yana bin hannu ko muƙamuƙi da zufa, wanda mutane da yawa ke ɗauka olsa ce su sha maganin olsa su kwanta, ɗaya kan kada a bar magani. Likita ya saurara ya gyara wurare biyu. Masu babbar waya muna tura masu ta WhatsApp, masu ƙarama ta Bluetooth, kuma muna tura wa ɗan rakiya ba mara lafiya kaɗai ba. Wani malamin allo cikin marasa lafiyarmu ya ɗauki nauyin rubuta mana katin da ajami.

Waɗanda muka tambaya a Janairu sun fara zagayowa, muna sake yi masu tambayoyin nan dai. Alamomin sun zauna, musamman ga waɗanda aka yi bayanin gaban iyalinsu, kuma ana ta tambayarmu nawa ne yau tun kafin mu cire abin awo. Zancen kada a ba shi ruwa ko rubutu bai zauna sosai ba, sai mun ƙara. Fashin magani kuma yana nan, sai dai yanzu dalilin ya fito, ba na warke ba ne, kuɗi ne, mutum ya san ya kamata ya sha amma yana sayen na kwana goma ya ja shi wata guda. Mun kai wa likita wannan, ya ce zai riƙa tambayar abin da mutum zai iya saye kafin ya rubuta.

Abin da ke gabanmu kafin ƙarshen wata: saƙo na masu jego da muryar mace babba, don sun fi jin ta, da wani kan naman layya tunda Babbar Sallah farkon Yuni ce kuma soye da gishiri za a yi ta ci har sati biyu. Damina ma ta ƙarato, manoma za su ɓace daga layi sai kaka, muna son a duba ko masu jini a daidaice za a iya rubuta masu na wata uku, su riƙa aunawa a ƙaramin asibitin garinsu. Ajamin kuma malam ya ce Alhamis zai kawo mu duba.